GIDAN BAKIN HANYA: TARIHIN WANI GIDAN ƘAUYE DA IYALAN DA SUKA ZAUNA CIKINSA

A wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Tarihin wani gida nake so mu duba tare, gidan da ke wani ƙauye can ƙasar Ingila, wanda ya haura shekara 300 a tsaye, iyalai iri-iri sun shiga sun fita a cikinsa. Abin da ya sa na zaɓo shi kuwa, akwai wata tambaya a cikin tarihinsa wadda take kwana a zuciyar kowace mace ko da ba ta faɗa wa kowa ba. In aka wayi gari yau babu maigida, ko babu uba, ina zan sa kaina?

Sunan ƙauyen Chawton, yana cikin lardin Hampshire a kudancin Ingila, tsakaninsa da wani gari mai suna Alton bai fi mil ɗaya ba, zuwa Landan kuwa kamar mil 50 ne. Gidan na jan bulo ne, bene hawa ɗaya, an gina shi wajen ƙarshen ƙarni na 17. Kada ki ji an ce gidan ƙauye ki ɗauka bukka ce. Yana da ɗakunan kwana har shida, da tsakar gida mai rijiya, da ɗakin gasa burodi, da lambu. Sai dai in kika gwada shi da babban gidan masu ƙasar ƙauyen, wanda ke can gaba kaɗan kusa da coci, to ɗan ƙarami ne. A bakin mararraba aka gina shi, inda hanyar da ta taso daga Landan ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Winchester, ɗaya ta gangara Gosport a bakin teku. Jikin titi yake sosai, har matafiya a keken doki sukan hango mutanen gidan ta taga suna cin abinci.

MANOMA, MASHAYA DA WAKILI

Waɗanda suka fara zama a gidan manoma ne na ƙauyen. Daga baya ya shiga hannun iyalin Knight, wato masu ƙasar Chawton, kuma tun da yake a bakin hanya yake sai aka mayar da shi masaukin matafiya da mashaya. Kin dai san abin da ke biyo bayan gidan giya. Tarihi ya nuna har kisan kai an yi a wurin, kuma a shekarar 1787 aka rufe mashayar.

Bayan nan sai aka ba wakilin masu ƙasa, wani mutum mai suna Bridger Seward, wanda aikinsa shi ne kula da gonaki da karɓar kuɗin haya daga hannun manoma. Ya zauna da iyalinsa har ya rasu a 1808. To ki lura da wannan, 'yar'uwa, domin zai yi ta dawowa a labarin nan: gidan na aiki ne, ba nasa ba ne. Da mai aikin ya kwanta dama, sai gidan ya koma hannun mai shi. Ita ma matar wakili sai da ta tattara komatsanta kafin wasu matan su samu wurin sa haƙarƙarinsu.

YADDA MATA HUƊU SUKA RASA MATSUGUNI

Yanzu bari mu bar gidan mu koma baya kaɗan, mu ga su waye suka gaji wakili.

A wani ƙauye mai suna Steventon, duk a lardin na Hampshire, akwai wani limamin coci mai suna George Austen. Shi da matarsa Allah ya ba su 'ya'ya takwas, shida maza biyu mata. Matan su ne Cassandra, wadda aka haifa a 1773, da ƙanwarta Jane, wadda aka haifa ranar 16 ga Disamba, 1775. Gidan da suka tashi a ciki na coci ne, wato kamar gidajen ma'aikata da muka sani a nan, kana aiki kana ciki, ka ajiye aiki ka miƙa makulli. A 1801 tsohon ya ajiye aiki, babban ɗansa James ya gaji kujerar da gidan, shi kuma ya kwashi matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka koma haya a birnin Bath. A watan Janairun 1805 ya rasu, kuɗin da yake samu daga coci suka tsaya cak a ranar.

A Ingilar wancan zamani manyan filaye da gidaje ɗa namiji ɗaya ake bar wa, don kada dukiya ta tarwatse. Mace kuwa in ta yi aure, abin hannunta ya zama na miji, kuma sai a 1882 aka yi dokar da ta ba matar aure cikakken iko da dukiyarta. 'Yar gidan mutunci ba ta da wata sana'a da za ta fita ta yi, in ba koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu ba. Saboda haka aure shi ne gidan mace, shi ne abincinta.

Su kuwa 'yan matan nan biyu babu wadda ta yi aure. Cassandra an yi mata baiko da wani saurayi mai suna Tom Fowle, ya bi sojoji zuwa tsibiran da ke kusa da Amurka don ya samo abin da za su yi aure da shi, zazzaɓin shawara ya kashe shi a can a 1797. Ya bar mata wasiyyar fam 1,000, ita kuma ba ta sake sauraron wani namiji ba har ta koma ga mahaliccinta. Jane kuwa, a watan Disambar 1802 wani magajin babban gida mai suna Harris Bigg-Wither ya ce yana son ta da aure, ta amsa da daddare, gari na wayewa ta ce ta fasa. Ki tsaya ki auna wannan. Tana dab da shekara 27, ba ta da ko sisi, kuma da ta aure shi da ita da uwarta da yayarta sun samu rufin asiri har abada. Amma ta ga ba za ta iya zama da wanda ba ta so ba. Ni dai ba zan ce ta yi daidai ko ba ta yi ba, amma ta san abin da ta ajiye, kuma ta ɗanɗani kuɗarsa.

Da uban ya rasu sai 'yan'uwa maza suka riƙa haɗa ɗan abin da ya samu duk shekara suna ba uwar. Suka yi ta yawo daga gidan haya zuwa wanda ya fi shi araha a Bath, daga nan suka shiga zagayen gidajen dangi, yau suna wurin wannan gobe suna wurin wancan. A 1806 suka tare a Southampton, gida ɗaya da ɗan'uwansu Francis, sojan ruwa, da amaryarsa. A cikin wannan yawo ne suka zama su huɗu, domin ƙawarsu Martha Lloyd ita ma uwarta ta rasu a 1805, ba ta da miji ba ta da gida, sai suka ce ta zo a haɗu a rufa wa juna asiri.

Duk wadda ta taɓa zaman cin arziki a gidan ɗan'uwa ta san yadda abin yake. Ko da matar gidan mutuniyar kirki ce, ba ki da ikon cewa ga abin da za a dafa, ba ki da ikon rufe ƙofa ki ce kada a dame ki. Jane ta rubuta littattafai uku tun suna Steventon kafin ta cika shekara 25. Amma daga 1801 zuwa 1809, shekara takwas cur, ba ta kammala sabon littafi ko ɗaya ba. Ta soma wani ta ajiye shi.

ƊAN RIƘO

A cikin 'yan'uwansu maza akwai Edward, wanda tun yana yaro wasu danginsu masu arziki, Thomas Knight da matarsa Catherine, suka ɗauke shi riƙo saboda Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ya gaji dukiyarsu, babban gida a Godmersham cikin lardin Kent, da ƙasar Chawton, da ta Steventon. Har sunansu ya ɗauka a 1812, ya koma Edward Knight.

A watan Oktoban 1808 matar Edward ta rasu 'yan kwanaki bayan ta haifi ɗansu na goma sha ɗaya. A daidai wannan lokaci ne, ga shi kuma wakili ya rasu gida ya zama fanko, ya ce wa mahaifiyarsa ta zaɓa, ko wani gida kusa da shi a Kent, ko wannan na Chawton. Suka zaɓi Chawton. Ya sa aka yi gyare-gyare, aka toshe babbar tagar falo da ke kallon titi, aka fasa wata mai kallon lambu don su samu sirri. Ranar 7 ga Yuli, 1809 suka tare, ba tare da biyan haya ba. Uwar tana da shekara 69, Martha ta haura 40, Cassandra 36, Jane 33.

Ɗan'uwa rabin jiki, Edward ya yi abin a yaba masa. Amma in kin ƙirga daga rasuwar uban zuwa ranar tarewa, shekara huɗu da rabi ke nan uwarsa na yawo da akwati, shi kuwa yana da ƙasa a lardi biyu. Ba na ce mugu ba ne, kowa ya shaide shi da sauƙin hali. Abin da na gani shi ne, wanda yake cikin inuwa bai cika tunawa akwai na rana ba, sai in wani abu ya taɓa shi.

ZAMAN GIDAN

Ba za a kira su matalauta ba, domin suna da 'yan aiki, suna da ɗan keken jaki da suke zuwa cefane Alton da shi. Amma komai a lissafe yake. Tsohuwar ta kama lambu, ita da kanta take shuka dankali ta tone shi, sanye da irin rigar da leburorin gona suke sawa. Cassandra da Martha suka ɗauki ragamar gida da kicin. Martha tana da wani littafi da take rubuta yadda ake girke-girke da magungunan gida, kuma littafin yana nan har yau. Da yamma su zauna su yi ɗinki. Akwai wani abin rufa da suka haɗa da ƙananan ƙyallaye, uwar da 'ya'yanta biyu, shi ma yana nan a gidan.

Jane kuwa aikinta kaɗan ne. Ta tashi da sassafe ta kaɗa fiyano, ta haɗa karin kumallo wajen ƙarfe tara, sannan ita ke riƙe da makullin shayi da sukari, domin a lokacin kaya ne masu tsada. Shi ke nan. Sauran yinin nata ne. Wannan ba haka kawai ya faru ba, matan nan uku ne suka ɗauke mata nauyin gida don sun san abin da Allah ya ba ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba ta da ɗakin kanta, ɗaki ɗaya suke kwana da Cassandra. A ɗakin cin abinci take rubutu, kusa da tagar da ke kallon hanya, a kan wani ɗan teburi mai kusurwa goma sha biyu wanda faɗinsa bai wuce na babban faranti ba. Ɗan wanta da ya rubuta tarihinta daga baya ya ba da labarin cewa a kan ƙananan takardu take rubutu, yadda za ta iya rufe su da sauri in baƙo ya shigo, kuma akwai wata ƙofa mai ƙara da ta hana a gyara, domin ita ke sanar da ita wani na tafe. Duk marubuciyar da ta taɓa tura littafin rubutunta ƙarƙashin katifa don ta ji sallama ta san wannan hali.

ABIN DA YA FITO DAGA ƊAN TEBURIN

Kafin zuwansu Chawton ba ta ji da daɗi ba a hannun masu buga littafi. A 1797 mahaifinta ya rubuta wa wani kamfani a Landan yana tallan littafinta, suka ƙi ko dubawa. A 1803 wani kamfanin ya sayi wani littafin nata a kan fam 10, ya jefa a lokar teburi, bai buga ba bai mayar ba, sai a 1816 aka biya shi kuɗinsa aka karɓo.

Da hankalinta ya kwanta sai ta zaro tsofaffin rubuce-rubucenta ta soma gyara. A 1811 littafinta na farko ya fito, mai suna Sense and Sensibility, labarin wata mata da 'ya'yanta mata da aka fitar daga gidansu bayan rasuwar maigida, har wani ɗan'uwa ya ba su ɗan gida a ƙauye. Kin ga ba daga sama ta tsinci labarin ba. Sharaɗin bugun kuwa shi ne, in an yi asara a kanta take, in an ci riba kamfani ya cire kuɗin bugu da ladansa na kashi 10 cikin 100 ya ba ta saura. Mu da muke kai kuɗin adashinmu maɗaba'a mu zauna muna addu'a, mun san irin wannan faɗuwar gaba. Ba ta sa sunanta a bango ba, an dai rubuta cewa wata mace ce ta wallafa. Littafin ya ƙare a kasuwa, ta samu ribar fam 140.

Na biyun, Pride and Prejudice, ya fito a Janairun 1813. Shi wannan sayar da shi ta yi ɗungurungum a kan fam 110. Ya fi na farkon karɓuwa nesa ba kusa ba, aka sake buga shi a shekarar, amma ko sisi bai ƙara shiga hannunta ba, mai kamfanin ya ci riba ninkin-ba-ninkin abin da ya ba ta. Daga wannan ba ta sake sayar da haƙƙin mallakar littafinta ba. Mansfield Park ya fito a 1814, Emma a ƙarshen 1815, wanda aka nemi ta sadaukar da shi ga Yarima mai riƙon gadon sarautar Ingila. Ta gama wani mai suna Persuasion a 1816. In kin haɗa, littattafai shida ke nan, uku ta gyara uku ta rubuta sababbi, duk a cikin shekara takwas, duk a wannan gida. Shekara takwas na yawo babu ko ɗaya, shekara takwas na zama wuri ɗaya guda shida. Duk abin da ta samu daga rubutu a rayuwarta bai kai fam 700 ba.

KAYAN ARO

Kada ki manta gidan ba nasu ba ne. A 1814 wasu maƙwabta a ƙauyen, iyalin Hinton, suka shigar da ƙara kotu cewa su ne magadan ƙasar Chawton na asali, ba Edward ɗan riƙo ba. Da sun ci shari'ar, da matan nan huɗu sun sake ɗaukar akwati. Ana cikin wannan, a watan Maris na 1816 bankin ɗan'uwansu Henry ya karye, kuɗin 'yan'uwa da yawa suka nutse, har wasunsu suka kasa ci gaba da ba uwar abin da suka saba. Shari'ar ba ta mutu ba sai a 1818, da Edward ya biya fam 15,000 aka sasanta. Jane ba ta ga ƙarshenta ba. Wato shekarunta uku na ƙarshe ta yi su ne ba ta da tabbacin rufin da ke kanta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ciwo ya soma cin ta a 1816. A Janairun 1817 ta fara sabon littafi, a watan Maris ta ajiye alƙalami. Ranar 24 ga Mayu aka ɗauke ta zuwa Winchester don ta kusanci likita, Cassandra na tare da ita. Ranar 18 ga Yuli, 1817 ta cika, kanta a kan cinyar yayarta, tana da shekara 41. A babban cocin Winchester aka binne ta. Cassandra ba ta je binnewar ba, domin a al'adarsu ta lokacin mata ba su cika zuwa ba, tsayawa ta yi tana kallon masu ɗauke da gawar har suka sha kwana. Rubutun da aka yi a kan kabarin ya yabi halinta da imaninta, amma bai ambaci cewa ta rubuta littafi ba. Sauran littattafan biyu, Persuasion da Northanger Abbey, bayan rasuwarta suka fito, a ƙarshen shekarar.

Gida ya rage mata uku. Tsohuwar ta rasu a 1827 tana da shekara 87. A 1828 wani abin mamaki ya faru: Martha, wadda ta haura shekara 60 ba ta taɓa aure ba, ta auri Francis, sojan ruwan nan da suka zauna gidansa a Southampton, bayan matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya. Rabo dai ba ya tsufa. Sai ya rage Cassandra ita kaɗai a gida mai ɗaki shida, shekara goma sha bakwai. Kafin ta rasu ta ƙone mafi yawan wasiƙun da ƙanwarta ta rubuta mata, abin da ya rage na wasiƙun Jane a duniya bai wuce 160 da 'yan kai ba. Masana suna jin haushinta a kan haka har gobe. Ni kuwa na fahimce ta, sirrin 'yar'uwa ba na kasuwa ba ne. Ta rasu a 1845, aka binne ta kusa da mahaifiyarta a harabar cocin Chawton.

LEBURORI

Da Cassandra ta kau sai aka sayar da wasu kayan gidan, aka raba wasu. Ɗan teburin nan ma wani tsohon baran gidan aka ba. Masu ƙasa suka yanka gidan kashi uku, suka zuba iyalan leburorin da ke aiki a gonakinsu. Daga baya aka mayar da wani ɓangare wurin hutawar ma'aikata maza na ƙauyen.

Wannan zango shi ya fi kowanne tsawo, shekara ɗari da 'yan kai. Jane shekara takwas kawai ta yi a gidan, iyalinta gaba ɗaya shekara 36. Matan leburorin nan sun haihu a ɗakunan, sun yi jego, sun yi jinya, sun ɗebi ruwa a tsakar gidan, sun fitar da gawa ta ƙofar. Su ne suka hana gidan zama kango, domin gidan da ba a hura wuta a cikinsa ba ya daɗewa a tsaye. Amma su ma irin zaman matar wakili suke yi, gidan na bin aikin maigida ne. A 1917, da Jane ta cika shekara 100 da rasuwa, masoya littattafanta suka zo suka manna allon tunawa da ita a jikin bango, alhali a ciki 'yan haya na fama da abin da za su ci.

UBAN SOJA

A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wata mata mazauniyar yankin mai suna Dorothy Darnell ta ga murhun ƙarfen ɗakin cin abincin gidan an cire an yar cikin ciyawa kusa da maƙera. Abin ya sosa mata rai, ta tara mutane suka kafa ƙungiya da sunan Jane Austen da niyyar sayen gidan. Sun yi ta neman taimako amma kuɗin da suka tara bai kai ba.

Sai ga wani lauya daga Landan, Thomas Edward Carpenter. Ɗansa Philip, matashin hafsan soja ɗan shekara 22, an kashe shi a fagen yaƙi a Italiya a 1944. Uban ya ciro fam 3,000 ya sayi gidan daga hannun jikokin Edward Knight, ya bayar da shi ga jama'a don tunawa da ɗansa. A watan Yulin 1949 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, da farko ɗan ɓangare kaɗan, domin akwai sauran 'yan haya a ciki, sai a hankali gidan ya koma duka na tarihi. Ɗan teburin ya dawo mazauninsa kusa da taga. Yau mutane daga ƙasashe daban-daban suke zuwa kallonsa. A 2017 kuma babban bankin Ingila ya sa hoton Jane a takardar kuɗi ta fam 10, daidai kuɗin da aka taɓa sayen littafinta aka ƙi bugawa. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

ABIN DA NA TSINTA

'Yar'uwa, in kin bi labarin nan tun daga farko za ki ga matar wakili, da matar liman, da 'ya'yanta, da ƙawarsu, da matan leburori, babu ko ɗaya a cikinsu da ta mallaki bulo guda na gidan. Kowace ta zauna ne da darajar aikin miji ko alherin ɗan'uwa. Kuma kin ga abin da kwanciyar hankali ta yi wa ɗaya daga cikinsu. Basirar tana nan tun a Steventon, tana nan a Bath, amma sai da aka ba ta wurin da ta san gobe ma nan za ta kwana sannan ta fito. Sai na ce a raina, mata nawa ne Allah ya ba wata baiwa, ta ɗinki ko ta kasuwanci ko ta karatu, amma tunanin inda za a kwana ya cinye ta?

Mu nan ba dokar Ingilar da muke bi ba. Addini ya yanka wa matar mamaci tumuninta, ya ba 'ya mace kasonta tun ƙarnoni kafin 1882. Amma duk mun sha gani, mace ta fita takaba a ce za a sayar da gida a raba gado, a damƙa mata 'yan kuɗin da ba za su kama ko ɗaki ɗaya ba, ta kwashi marayu ta koma gidan wanta. Don haka nake roƙon ki, ki san a gidan wa kike zaune, da sunan wa takardar take. In gidan ma'aikata ne, ku zauna da maigida cikin lumana ku yi shawarar bayan ajiye aiki tun da sauran ƙarfi. In gado ya faɗo miki ko kin kwashi adashi, kafin ki tuna da sarƙa da leshi ki tuna da fili, ko da a bayan gari ne, kuma ki adana takardarsa. Ke kuma da Allah ya ba wadata, ki tuna wa mijinki da uwarsa da 'yan'uwansa mata, kada ki zama ke ce ƙofar da aka rufe musu. In kuwa kina da 'yar'uwa mai wata baiwa a gida ɗaya da ke, ki ɗauke mata wanke-wanken yau, kamar yadda Cassandra da Martha suka yi.

Ku kuma 'yan'uwanmu maza da kuke karɓar littattafan nan a hannun matanku kuna karantawa a ɓoye, na san kuna nan. Wanda yake da halin ba uwarsa ko ƙanwarsa ɗaki, kada ya bari sai an shekara huɗu da rabi.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya jiƙan iyayenmu, ya ba kowace mace matsugunin da babu mai tashinta, amin.

Taku a kullum.